Yadda Muka Kai Amfilifayar Iro Maraɗi

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

A shekarar da aka sake buɗe iyakarmu da Nijar, bayan watannin da ta yi a rufe, ni da taubashina Iro muka je Maraɗi. Tun da muka dawo, duk wanda ya zauna kusa da ni a ƙofar masallacinmu na Ƙofa sai ya ce in ba shi labari. Iro kuwa duk sanda ya bayar sai labarin ya ƙara ƙiba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Iro ɗan ƙanwar mahaifina ne, a Kusada yake zaune, sana'arsa cigiya. Ranar kasuwar Kankiya yakan kafa rumfarsa kusa da kara, inda ake cinikin shanu, ya ɗaure lasifika a kan doguwar gora, ya haɗa batir da amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta fita ta lasifikar. Wanda saniyarsa ta ɓace, ko jakinsa, ko wadda ɗanta ya sulale cikin jama'a, wurin Iro ake zuwa. Da wannan ya ci da iyalinsa tun gashinsa yana baƙi.

Wata ranar kasuwa aka tsinci akuya aka kawo masa, ya ɗaure ta a jikin gorar kafin mai ita ya zo. Akuyar nan ta tauna wayar lasifika, wayoyin suka haɗu, amfilifaya ta yi hayaƙi ta mutu. Mai gyara na Kankiya ya duba, na Katsina ma ya duba, duka suka ce taransifomarta ta ƙone, kuma naɗin hannu ce, ba a sayar da irinta. Iro ya sayar da tunkiya ya tafi Kano ya sayo sabuwa. Ya yi hankali ƙwarai, don tsohuwar ya ɗauka ya tafi da ita, aka jera su. Wat ɗari, wato ma'aunin ƙarfinta, ke rubuce a jikin wannan, wat ɗari a jikin waccan, batir iri ɗaya suke ci, lasifika iri ɗaya suke ja.

To amma da ya kafa ta a Kankiya sai abu ya ƙi. Wanda ke kusa da rumfar kunnensa kamar zai fashe. Can ƙarshen kasuwa kuwa, gindin tsamiyoyin da matan Fulani ke sayar da nono, sai dai a ji ana ruri, ba a san ko farar saniya ake nema ko jan sa ba. Mutane suka fara cewa Iro ya tsufa, murya ta tafi. Sarkin kasuwa ya kira shi ya ce makiyaya sun kawo kuka, kuma akwai wani mai manyan sifikun biki da ke neman wurin. Ya ce idan abin bai gyaru ba kafin damina ta sauka, ba shi da yadda zai yi.

Iro ya zo Ƙofa ya same ni. Ya zauna a gefena ya dube ni.

"Malam, faɗa mini tsakaninka da Allah. Muryata ce?"

Na ce, "Muryarka tun muna yara take hana mu barcin rana, kuma har yanzu tana hanawa."

Ya ce to tsohuwar amfilifayar wani mutum ne a Maraɗi ya haɗa ta da hannunsa, Lawali mai gyaran rediyo, tun lokacin da Iro ke kai goro can. Idan yana raye, shi kaɗai zai tashe ta. Na san Iro ba ya wuce shinge biyu bai ja magana da wani ba, sai na ce zan raka shi.

Bayan ƙaramar salla muka tashi, zafin bazara yana tsakiyarsa. A tashar Kankiya direba ya ce a sa kayan a but, ƙarƙashin buhunan dawa. Iro ya ce sai dai shi a sa shi a but. Haka ya rungume amfilifaya biyu a cinyarsa, kowace naɗe da tsumma. Wata dattijuwa da ke gefensa ta leƙa ta ce, "Malam, barka da arziki. Tagwaye ne?"

Ya ce, "Tagwaye ne, Inna, amma ba halinsu ɗaya ba."

Daga Katsina zuwa Jibiya ba wanda ya yi dariya sosai. Kowa ya san halin da hanyar ke ciki a shekarun nan. Shinge bayan shinge muke wucewa, ni dai carbina na hannuna, har Allah ya kai mu Magama lafiya. A bakin iyaka wani jami'i ya ce a kwance tsumman. Ya juya ƙonanniyar, ya shinshina, ya ce wannan ai bola ce, me za mu yi da ita a ƙasar mutane?

Iro ya ce, "Ranka ya daɗe, asibiti za mu kai ta."

"Ita kuma sabuwar fa?"

"'Yar jinya ce."

Jami'in ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, suka ce mu wuce. A ɓangaren Nijar wani jandarma ya karɓi katinmu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba fara'a ba faɗa, ya miƙo mana ya ce, "Ku sauka lahiya." Daga nan na fara jin Hausar da kakata ke yi, wadda 'yan makarantar boko na garinmu suke jin kunyarta yanzu. A Ɗan Isa muka tsaya shan fura. Can da dala suke lissafi, duk abin da mai fura ta faɗa sai ka ninka shi sau biyar kafin ka san sefa nawa take nufi. Iro ya miƙa mata abin da ya ji da kunnensa, ta dube shi ta ce, "Baƙo, wannan ko ludayin bai saye ba."

Da rana tsaka muka shiga Maraɗi. 'Yan acaɓa can kabu-kabu ake ce musu. Wanda ya ɗauki Iro ya kwasa da gudu, hular Iro ta tashi, hannuwansa kuma duka suna riƙe da kaya, sai ihu yake yi. Mutumin da ya shekara talatin yana nemo wa mutane abin da suka ɓatar, haka ya shiga garin mutane kai ba hula. Inda Iro ya san shagon Lawali yanzu ana sayar da wayoyin hannu. Mai shagon yana shirin rufewa, don mutanen can idan rana ta take sukan bar aiki su huta sai an yi la'asar, ba kamar mu da muke gasa kanmu a rana ba. Duk da haka ya kulle shagonsa ya taka da mu har ƙofar gidan da muke nema, ya juya bai tsaya a gode masa ba.

Lawali dogo ne siriri, gemunsa fari, tabaraunsa ɗaure da zare. Bai gane Iro ba. Amma da aka kwance tsumma ya ga akwatin, sai ya ɗora tafin hannunsa a kai kamar mai shafa kan jika.

"Wannan tawa ce. Wa ya yi mata haka?"

Iro ya ce, "Akuya."

"Awo, akuya. Daga ina kuke?"

Muka ce daga ƙasar Katsina. Ya ce, "Ku ce dai daga tsohon gidanmu. Mu ne Katsinawa, ku tsaron gida munka bar ku, ga shi ko amfilifaya kun kasa tsarewa." Iro ya ce ai wanda ya bar gida ya gudu ba shi da bakin tambayar yadda aka tsare shi. Daga nan suka ƙulle kamar tare suka tashi.

Muka tambayi inda baƙi ke kama ɗaki, Lawali ya ɓata rai, ya ce a shimfiɗa mana tabarma a zaure. Kwanakin da muka yi can ba mu sayi ko ruwa ba. Da safe akan kawo wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, cikinsa da laushi. Iro ya gatsa da ƙarfi ya ce haƙorinsa na gaba ya tafi, daga baya kuma shi ke cinye rabona. Da rana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da yamma tuwon gero. Shayinsu kuwa a ɗan ƙaramin kofin gilashi ake ba ka, baƙi ƙirin, zagaye uku, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne. Na farkon ɗaci ne da shi har na ji a ƙeyata. Mu da muka saba da babban kofi da madara, sai da na kwana biyu kafin na gane ba don ƙoshi suke sha ba, don zama ne.

Washegarin isarmu muka zaci Lawali zai buɗe akwatin ya fara aiki. Bai taɓa shi ba. Ya zaunar da Iro a tsakar gida ya ce ya yi cigiya da bakinsa kawai, kamar yana kasuwa. Iro ya gyara murya ya nemi wata farar karsana mai karyayyen ƙaho. Lawali ya rufe ido yana saurare. Ya sa shi ya maimaita da ƙarfi, ya sa shi ya maimaita a hankali. Matan gidan suna ta dariya a bayan danga.

Ya ce, "Muryarka ta ɗan sauka, ta yi kauri, kamar ta kowane dattijo. Amma ba ta lalace ba. Ni ba na naɗa waya sai na ji wanda zai yi magana."

Sannan ya buɗe amfilifayoyin biyu ya ajiye su gefe da gefe, ya ce in ɗaga kowace. Sabuwar da yatsu uku na ɗaga ta. Tsohuwar sai da na sa hannu biyu. Na tambaye shi abin da ya dame mu tun daga gida: idan lamba ɗaya ce a jikinsu, me ya raba su? Ko masu sabuwar ƙarya suka rubuta?

Ya ce, "A'a, Malam, kada ka ɗauki alhakinsu. Mai yiwuwa gaskiya sunka rubuta. Tambaya ita ce, a wane hali anka auna?"

Ya bayyana mana cewa a masana'anta ba da muryar mutum ake gwaji ba. Sauti ɗaya ake sakawa, miƙaƙƙe, ba hawa ba sauka, da wuta cikakkiya, kuma sau da yawa ba lasifikar gaske ake haɗawa ba, wani abu ne da ba ya gardama. Muryar mutum kuwa tsalle take yi. Yanzu tana ƙasa, yanzu ta zabura. Ita ma lasifika ba nauyi ɗaya take ɗora wa na'ura ba, wani sautin ta karɓa da sauƙi, wani ta turje. Batir kuma da hantsi daban, da la'asar daban.

Ya ce, "Ku manoma ne. Shanun huɗa biyu, girmansu ɗaya, a kan hanya tafiyarsu ɗaya. Sai garma ta ci karo da saiwa kake sanin wane ne wane."

Ya nuna mana wasu abubuwa kamar ƙananan gwangwanaye, kwandansa ake ce musu. Ya ce su ne rumbun na'ura, a nan take ajiye wutar da za ta ɗiba idan murya ta zabura. Na tsohuwar manya ne, na sabuwar kamar ƙwayar gyaɗa. Idan rumbu ya ƙare a tsakiyar kalma, kan kalmar ne ke yankewa, sai ka ji ƙara amma ba ka ji magana ba. Ya ce ko wajen gazawar ma ba ɗaya suke ba: wata idan ta kai iyakarta a hankali take sassautawa, wata kuwa tsagewa take yi kamar tsohon zane. Duk wannan ba a rubuta shi a jikin akwati.

Sai kuma ya yi abin da ban zata ba. Ya haɗa sabuwar da wata sifika ta ɗaki, ya sa mata kiɗa daga wayarsa. Wallahi daɗin da ya fito sai da Iro ya fara kaɗa kai. Gangar tana dukan ƙirji.

Lawali ya ce, "Ka ji? Wanda ya yi wannan ya san aikinai. Don kiɗa ya yi ta, ya ƙara mata gindi. Kai kuma muryarka ta riga ta yi gindi, sai ta ƙara kauri a kan kauri, ta kashe ƙarfinta wurin da lasifikarka ba ta iya fitarwa. Abin da ke kai magana nesa ba gindin ba ne, tsakiyar murya ce, inda haruffa suke."

Da ya ce haruffa sai na gane. Duk wanda ya yi karatun allo ya san almajirin da ya fi kowa ƙara ba lalle shi malam ke ji daga nesa ba. Wanda ke ba kowane harafi haƙƙinsa shi ake ji.

Aikin ya ɗauki kwanaki. Wuta tana zuwa tana tafiya, shi kuwa ko a jikinsa, a garwashi yake ɗora ƙarfen da yake narka dalma da shi. Ya warware ƙonanniyar waya, ya naɗa sabuwa zagaye bayan zagaye, leɓɓansa suna motsi. Na ɗauka ƙirga yake yi kawai, da na matsa sai na ji yana ƙirgawa yana salati a tsakani. Iro ya so ya yi hira, ya ɗaga masa hannu. Ban taɓa ganin wanda ya rufe bakin Iro da hannu ɗaya ba sai shi.

Ranar gwaji bai yarda a yi a gida ba. Muka ɗauki kaya zuwa wani fili a bayan gari, ya ce in yi ta tafiya har sai na ga Iro ya koma kamar ɗan tsako. Ya ce ba zai gaya mini wacce aka haɗa ba, don ido yana ruɗin kunne, wanda ya san wacce ya fi so ita zai ji ta fi daɗi. Na tsaya can cikin rana. Karo na farko na ji ruri, na san dai Iro ne. Karo na biyu sai ga magana ta iso kamar yana gefena: "Jama'a, ana cigiyar wani malami daga Ƙofa, gajere, mai cin tuwon mutane!" Na ɗaga sandata na yi masa daƙƙuwa da ɗaya hannun. Da na dawo na tarar tsohuwar ce aka haɗa a karo na biyun, Iro kuma yana goge ido da bakin riga, ya ce ƙura ce.

Da la'asar muna shan shayi Iro ya kawo maganar ladan aiki. Lawali ya karɓi kuɗin wayar da ya saya kawai, ya ce sauran ba da kuɗi za a biya ba. Da aka zuba zagaye na biyu sai ya ce yana da yaya, Rabi, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Mahaifinsu Sanda dillalin shanu ne, ta auri wani makiyayi abokin cinikinsa mai suna Buba, suka yi kudu da garke. Da farko ana jin labarinsu, daga baya ya yanke. Labari na ƙarshe da ya samu, shekaru da yawa da suka wuce, an ce an gan su a wajen Kankiya.

"Kai mai cigiya ne. Ka yi mini cigiyarta. Shi ne bashina a kanka."

Iro ya ce, "Na ɗauka."

Dawowarmu ba wani abin faɗi, sai dai a Jibiya Iro ya sayi hula da ta yi masa yawa, ya ce ta fi riƙe kai.

Ranar kasuwar da ta biyo baya na je Kankiya don in gani da idona. Sarkin kasuwa da kansa ya taka har gindin tsamiyoyi ya tsaya, hannuwansa a baya. Iro ya yi bismilla, kafin ya nemi saniyar kowa sai ya ce, "Jama'a, ana cigiyar Rabi 'yar Sanda dillali, mutuniyar Maraɗi, matar Buba makiyayi. Ƙanenta Lawali yana nemanta." Sarkin kasuwa ya dawo ya wuce ta gaban rumfar, bai tsaya ba, ya ce, "Iro, rage kaɗan, har sunan uban mutane muna ji a can." Maganar mai sifikun biki ba a sake tayar da ita ba.

Amma ba wanda ya zo a kan Rabi. Kasuwa ta ci ta tashi, wata ta zo ta wuce. Iro bai fasa ba, da ita yake buɗewa da ita yake rufewa, har yaran kara suka haddace suna tarar numfashinsa. Sai da aka yi shuka, gero ya fara rufe ƙasa, wata ranar ina zaune a rumfarsa, wata mata ta zo da ƙwaryar nono a ka, ta sauke, ta durƙusa daga gefe.

"Baba, wa ke neman Rabi 'yar Sanda?"

Iro ya ce ƙanenta ne, daga Maraɗi.

Ta ce ita Dije, rugarsu tana bayan Fakuwa, sun dawo daga kiwon rani ke nan, yau ta fara shigo kasuwa. Tana can gindin tsamiya tana auna wa wata nono ta ji sunan kakanta. Rabi mahaifiyarta ce. Ta rasu damina biyu da suka wuce. Ta ce har Rabi ta kwanta ciwo tana maganar wani ƙanenta mai kwance rediyon mutane tun yana yaro.

Muka yi salati, muka yi mata addu'a. Iro ya kashe amfilifaya, abin da ba ya yi sai kasuwa ta tashi. Ya daɗe yana juya wayarsa a hannu kafin ya kira Lawali. Na ji gaisuwarsu, na kuma ji ya faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba.

Iro ya ce, "Lawali, ka gafarce ni. Ban biya ka yadda ka so ba."

Muryar Lawali ta fito a hankali. "Cigiya na ce ka yi, Iro, rai ba a hannunka yake ba. Ka biya. Ɗiyar tana nan kusa?"

"Ga ta."

"Ba ni ita."

Iro ya miƙa mata wayar. Ta goge hannunta a zane, ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Kawu."